Toreka Ta Ƙi Shiga Mota

Ranar da Toreka ta fara fita tafiyar ƙafa, ko mangwaron bakin coci ba ta kai ba ta ji ƙiiii a bayanta, ga kiɗa kamar zai fasa kunne. Motar bas ta katako ce, mai fenti ja da ruwan ɗorawa, wadda ke jigila tsakanin ƙauyen Fogasina da kasuwar Salelologa. Direban, Talosaga, ya leƙo ta taga da fure saƙale a kunne.

"Tina! Lafiya? Wa ya mutu?"

Tina kowa ke ce mata, uwa ke nan, har waɗanda suka kusa sa'anninta.

"Babu wanda ya mutu. Tafiya nake."

"Ai na ga tafiya kike. Ina za ki?"

"Ba inda za ni."

Talosaga ya rage kiɗan, ya waiwaya ya dubi fasinjojinsa. "Jama'a kun ji? Ba inda za ta, amma tafiya take. Kai yaro, tashi ka ba Tina wuri, ka hau cinyar ɗan'uwanka."

Kafin ta buɗe baki an share mata kujerar gaba, wata ta karɓe lemarta, wani ya miƙo hannu. To ina za ta sa kanta? A nan tsibirin Savai'i in mutum ya taka birki dominka ya riga ya girmama ka a idon jama'a, in ka ce masa a'a kamar ka watsa masa ruwa a fuska ne. Ta kama ƙarfen ƙofa ta hau. Ba a sauke ta ba sai Salelologa. A can ta yi kiciɓis da wata 'yar ƙanen babanta mai tuyar panikeke, wato fanke, wadda ta rantse ba za ta bar ta ta wuce ba sai ta ci da zafinsa ta kora da koko. Da rana tsaka ta dawo gida a motar da ta kai ta, riƙe da ƙunshin takarda da ya jiƙe da mai. Sababbin kambas ɗin da ke ƙafarta ko ƙura ba su ɗauka ba.

Toreka kuwa ba baƙuwar tafiya ba ce. Tun tana 'yar ƙwailarta ita ake turawa gona can saman tudu, ta dawo da kwandunan gwaza da kwakwa rataye a sanda a kafaɗa, tana tafe tana waƙa, tun daga nesa an san ita ce. Da ta yi aure da ƙafa take kai koko gida-gida. Da ƙafa ta bi uwar mijinta zagayen kwamitin mata na duba tsabtar gidaje, zamanin da mata ke ɓoye tukwane marasa wanki a ƙarƙashin kwale-kwale in sun hango su. Mace ce doguwa kakkaura, mai dariyar da ke korar kaji. In ana biki aka zo rawar rufewa, ita ake jira ta miƙe.

Abin da ya zaunar da ita alheri ne. Bayan rasuwar mijinta, 'ya'yanta da ke birnin Auckland can ƙasar waje suka haɗa hannu suka aiko da a-kori-kura fara sol, suka ce uwarsu ta gama wahala. Aka damƙa makullin a hannun Penaia, ɗan da ya zauna gida yana hidimar dangi, wanda kowa ke sa ran wata rana shi za a naɗa matai, mai riƙe da sarautar gidan. Shi kuma Penaia ya riƙi motar nan kamar amana daga sama. Coci na nan tsallaken titi, a mota yake kai ta. Shago na bayan gidan maƙwabta, a mota. In ta miƙe za ta ɗebo lemun tsami a bayan gida, sai ta ji ya tayar da inji. Ita ma ba ta ƙi ba. Akwai daɗi ka zauna a gaba, gwiwar hannu a taga, kana ɗaga wa mutane gira.

Shekaru suka tura. Ran nan Siniva, nas ɗin da ke zuwa duba mata a zauren kwamiti, ta soki ɗan yatsanta ta dubi ɗigon jinin a na'ura.

"Tina, miƙo ƙafar. Rufe ido. In kin ji na taɓa ki, ki ce kin ji."

Toreka ta rufe ido tana murmushi. Ta jira, ta jira.

"To, kin fara?"

"Na gama, Tina."

Murmushin ya tafi. Siniva ta nuna mata siririn zaren robar da ta bi yatsun da shi ɗaya bayan ɗaya. A diddige ta ji, a tsakiyar tafin ma ta ji, amma yatsun hagu shiru kamar na wani.

"Ciwon suga ne, kuma ya fara taɓa ƙafar. Ga magani. Koko ki sha shi ba suga, naman gwangwani ki bar wa baƙi. Sannan tafiya, kullum, har ki yi gumi. Ban da silifa, ki nemi kambas, kuma kowace yamma ki duba tafin ko wani abu ya yanke ki ba ki sani ba."

"In ban yi ba fa?"

Siniva ta ajiye zaren robar. Ta juya ta dubi gefen teku, inda rufin gidan Fialelei yake.

Fialelei yayar Toreka ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce mai ba da waƙa a kwamiti a da. Ciwon nan ya kama ta, ƙaya ta soke ta ba ta ji ba, wurin ya ruɓe, aka kai ta asibiti ta dawo babu ƙafar hagu daga gwiwa. Tun daga ranar ba ta sake fita ƙofar gida ba. Tana zaune tana saƙar tabarma, ta rufe dungun da zane, harshenta kuwa ya ƙara kaifi.

Wannan ne ya sa Toreka ta buga waya Auckland aka aiko da kambas, wannan ne kuma ya sa washegarin ranar panikeke ta sake fita, ta ɗaure zane tamau, ta ce yau ko fasto ne ya tsaya ba za ta shiga ba.

Ƙiiii.

"Tina! Kujerarki na nan, na hana kowa zama."

"Talosaga, na gode. Wuce abinka."

"In wuce?"

"Wuce."

"Ni? In wuce ki a titi? Me na yi miki? Ko kiɗan ne? Kai, a kashe kiɗan nan!"

"Ba ka yi mini kome ba, ɗana. Nas ce ta ce in riƙa tafiya."

"To ai tafiyar za mu yi! Ni ma tafiya nake!"

Fasinjoji suka fashe da dariya. Toreka ta kau da kai ta ci gaba da takawa. Motar ta ɗan bi ta a hankali, sannan Talosaga ya ja da ƙarfi, ransa a ɓace. Bai kai gadar ƙarshen gari ba ya gama yanke hukunci, kuma da babbar murya ya yanke shi: wannan ba maganar nas ba ce, tsohuwa ce ke rufa wa ɗanta asiri. Penaia ya hana uwarsa mota.

Ita kuwa ba ta yi nisa ba motar fasto ta tsaya, ta shiga.

Da yamma Penaia ya shigo ya zauna a gabanta, ya tanƙwashe ƙafa, kansa a ƙasa.

"Tina, so kike ki kashe ni?"

"Ni da nake neman in tsira da ƙafata?"

"Yau a taron dattawa ina miƙa musu abin sha, wani ya ce, Penaia, motarka ta lalace ne? Mu haɗa maka na gyara? Kowa ya yi dariya. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. An riga an buga wa su yaya waya, sun kira ni suna tambaya ko sayar da motar na yi."

"Ka gaya musu nas ce."

"Na faɗa! Suka ce wace nas ce za ta ce uwar mutum ta yi ta gantali a rana kamar marar kowa? Don Allah, Tina. In tafiyar ce, ki yi ta inda ba a ganinki."

Ta tausaya masa, don ta san abin da yaron nan ya shekara yana ginawa da guminsa. Sai ta gwada. Ta fita da sassafe kafin motoci su tashi, karnukan gari suka yi mata caa, ta dawo da gudun da rabonta da shi tun tana budurwa. Ta fita da magariba da rana ta yi sanyi, tana cikin takawa aka buga tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a bishiya, lokacin addu'ar yamma ya yi, samarin gari masu fararen riguna suka jeru a bakin titi. Duk mai tafe da ƙafa dole ya zauna inda yake. Ta zauna a kan dutse sauro na cin ta, ana tashi kuma ɗaya daga cikinsu ya ruga ya kira Penaia ya zo da mota. Ta koma zagaya gidanta. Zagaye na farko lafiya, a na gaba maƙwabciya ta leƙo.

"'Yar'uwa, me ya ɓace?"

"Ba kome."

"Ɗan kunne ne? Ku fito ku taya Tina nema!"

Nan da nan tsakar gida ta cika da mata sunkuye suna tona ciyawa. Da suka gane babu abin da ya faɗi, suka koma gefe suna ƙus-ƙus, washegari matar fasto ta zo yi mata addu'a ta musamman.

Ranar ta tafi wurin yayarta, a mota, ta zube a tabarma ta kwashe duka ta gaya mata. Fialelei ba ta ɗaga kai daga saƙarta ba.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Ni da na ji kunyar mutane, ga abin da na samu." Ta yaye zanen, ta bar dungun a fili. "Dube shi da kyau. Cikin masu ba ni wuri a mota babu wanda ya zo ya ba ni aron ƙafa. Tashi ki ba ni wuri, kina tare mini iska."

Aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar da gari ya washe, duk kayan Toreka na kan igiya sharkaf. Ta buɗe akwati, babu abin da ya rage busasshe sai ankon kwamiti, riga da zane kore shar masu fararen furanni, wanda ba a sa shi sai ranar zagayen duba-gari. Ta ɗan yi shakka, ta ce ai tufa tufa ce. Ta saka, ta ɗaure kambas, ta ɗauki lema ta fita, ta riga ta saddaƙar cewa wata motar za ta kwashe ta.

Ga kiɗa nan tafe. Ƙiiii.

Talosaga ya leƙo, ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka a kan koren zanen. Furen kunnensa ya faɗi.

"Tina... yau ne?"

"Yau ne me?"

Ko sauraronta bai yi ba. Shi dai ya san shingen aladunsa ya karye tun makon jiya, ya san gwangwanayen da ke zube a bayan madafarsu, ya kuma san abin da matarsa za ta yi masa in kwamiti ta kira sunan gidansu a gaban mata. Ya taka mota ta yi tsalle, ya danne hon, ya fito da kai ta taga yana kururuwa:

"Kwamiti! Kwamiti na tafe! Ta ƙasa suka ɓullo!"

Toreka ta tsaya baki buɗe. Sai ta ga gari ya motsa. Tabarmi na fitowa daga gidaje ana bugu fat-fat-fat, gidajen sauro na hawa igiya, wata ta fito da tukwane a ka ta rasa inda za ta kai su ta sake komawa ciki. Maza da adduna sun auka wa ciyawa. Alade ya tsallaka titi da gudu, wani dattijo na bin sa da tsintsiya, zanensa na kwancewa. Mota ta taho daga baya, Toreka ta ji an sassauta, ta ji an gane ta, ta ji an ƙara wuta fuuu. Wata ta biyo, ita ma haka. Wa zai ɗauki duba-gari ya kai ta ƙofar gidansa da wuri?

Ta fara takawa. Ta wuce mangwaron coci. Ta wuce shago, mai shagon na goge kanta kamar zai huda ta. Ta wuce makaranta, ta wuce filin wasan kirket, iska daga teku na kaɗa mata zane. Gumi ya keto mata ta wuya ya gangara baya. Cinyoyinta suka fara ƙorafi, ta ce ku yi ta yi. Can ta ji wani abu na fita daga bakinta, ashe waƙar gona ce, wadda take yi da kwando a kafaɗa. Ba ta tsaya ba sai a gadar ƙarshen gari. Ta dafa ƙarfen gadar tana haki, ta dubi doguwar hanyar da ta baro, babu mota ko ɗaya da ta tsaya. Ta ƙyalƙyale da dariya har tsuntsaye suka tashi daga bishiya.

Washegari kayanta sun bushe ƙayau. Ta dube su, ta dubi koren anko, ta ɗauki koren.

Haka ta yi ta yi. Ba ta shiga gidan kowa, ba ta ce wa kowa kome, illa in ta zo daidai wani gida ta ɗan rage tafiya ta dubi bayan madafa ta ce, "Hmm." Wannan hmm ɗin kaɗai ya sa an gyara masai a gidaje da yawa. Penaia bai hana ta ba, don ba a jin kunyar uwa ta fita aikin kwamiti. Fogasina ta yi fes, har masu wucewa a mota na nunawa da yatsa. Barcinta ya daidaita, kambas suka yi ƙura.

Amma mutane sun gaji. Ba a yi nisa ba aka buga tukunyar gas da hantsi, bugun kiran mata.

Zauren kwamiti ya cika. Kowa ta zauna a gindin ginshiƙinta, ƙafa a tanƙwashe. Makerita matar fasto, shugabar kwamiti, ta zauna a gaba tana fifita da mafici, fuskar nan ba wasa.

"Toreka, wa ya sa ranar zagaye ban sani ba?"

"Ranki ya daɗe, ni ban yi zagaye ba. Gidan wa na shiga? Wa na yi wa magana?"

"Ankon ya yi magana."

"Ya yi kuwa!" in ji matar Talosaga daga baya. "Kullum sai na fitar da tabarmi na mayar, bayana ya ƙage. Mijina ya sare ciyawa, ya sare furannina, jiya na kama shi yana wanke alade da sabulun wankana!"

"Ni surukata ta ɓoye tukwane a cikin firji!"

"Mu kuwa tun ranar ba mu ci abincin rana a kan lokaci ba!"

Makerita ta ɗaga mafici, aka yi tsit.

"Anko ba abin wasa ba ne. Iyayenmu suka bar mana shi, kuma in aka saba ganinsa kullum ba dalili, ranar da muka fito da gaske ba mai motsawa. Hukunci: ba za ki ƙara sa shi ba sai ranar zagaye. Kuma za ki ciyar da kwamiti."

Aka yi guɗa, aka tafa. Toreka ta ji kamar an zare mata ƙasa. Ba anko, ba tafiya, gobe Talosaga zai taka birki. Ta dubi gefen teku ta tsakanin ginshiƙai, ga rufin gidan yayarta.

Sai ta yi abin da ba a yi. Ta kwance kambas na hagu, ta cire safa, ta miƙe ƙafar zaƙwai zuwa tsakiyar zaure, tafin na kallon matar fasto, ba ta ko ja tabarma ta rufe ba. Zauren ya ɗauki "Haaa!" Wata tsohuwa ta rufe ido da hannu.

"Toreka! Kin haukace?"

"Ku gafarce ni, iyayena, na san rashin kunya ne. Ranki ya daɗe, ga silin kaba nan kusa da ke. Ki taɓa mini yatsun nan. Zan rufe ido."

Makerita ta dube ta, ta dubi ƙafar. Ta ɗauki silin, ta matso.

Toreka ta rufe ido. Makerita ta sunkuya kan ƙafar.

"Kin fara?"

Ba wadda ta yi dariya. Duk sun ga silin ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Haka ta Fialelei ta fara," in ji Toreka. "Nas ta ce in yi tafiya ko in bi yayata. Na fita, kun ɗauke ni a mota. Na zagaya gida, kun zo nema mini ɗan kunne. Kunyarku da alherinku za su cinye mini ƙafa. Ankon nan kaɗai ya sa aka bar ni na taka ƙasa. To yanzu ni ma ina da tambaya. Uwar mijina da ƙafa take zagayen nan, mu kuma yaushe rabon da mu yi shi ba a bayan mota ba, muna leƙen masai ta taga? Kowa ta miƙe ƙafarta mu gani."

"A zauren kwamiti?"

"Ai na riga na ɓata shi."

Matar Talosaga ce ta fara, don ita ba ta iya ganin abu ba ta gwada ba. Ta miƙe ƙafa, maƙwabciyarta ta taɓa, ta yi tsalle tana ihu, "Wayyo cakulkuli!" Aka kwashe da dariya. Sai ƙafafu suka yi ta fitowa, zaure ya koma kamar kasuwar kifi, wannan na taɓa waccan, ana shewa ana zolaya. "Ke wannan ƙafa ko faranti?" "Rufe ido, munafuka, ina ganinki!" Amma a hankali shewar ta riƙa raguwa. Can gefe wata ta ce, "Sake dai." Wata ta ce, "Ki danna mana da ƙarfi." Wata kuwa ta janye ƙafarta ta rufe da zane.

Makerita ta juya baya, ta miƙa wa Toreka silin, ta zare silifarta a ɓoye, ta rufe ido. Toreka ta taɓa. Ta sake taɓa babban yatsan, ba alamar an ji. Matar fasto ta buɗe ido suka dubi juna.

Makerita ta gyara zama, ta ɗauki maficinta, ta buga shi a tabarma.

"Hukunci na nan yadda na faɗa. Ba mai sa anko sai ranar zagaye." Ta ɗan tsaya. "Daga gobe kullum ranar zagaye ce, ban da Lahadi. Da ƙafa. Duk wadda yatsanta bai ji ba kuma, ta je wurin Siniva."

Zauren ya ɗauka. Matar Talosaga ta dafe kai. "Kullum? Tabarmina!"

"Ki bar su a waje mana, 'yar'uwa, ki huta!"

"Ciyarwar fa, ranki ya daɗe?" in ji Toreka.

"Tana nan. Kifi da ɗanyar ayaba. In na ga gwangwani ko ɗaya, sai kin sake."

Da safe suka taru a gindin mangwaro, kore shar kamar gonar gwaza, wasu da kambas ɗin 'ya'yansu, wata da takalman ƙwallon mijinta. Suna shirin tashi sai ga farar a-kori-kura ta gindaya a titi. Penaia ya fito, ido ja.

"Tina, da ke kaɗai ce. Yanzu iyayen gari duka za su bi titi a rana, ni ina zaune da mota a gida? Me zan ce wa dattawa? Me zan ce wa Auckland? Ku hau, in kai ku ƙofar kowane gida."

Mata suka fara kallon bayan motar da sha'awa, don rana ta soma zafi. Toreka ta ga abin zai rushe tun ba a fara ba. Ta dubi ɗanta, ta ga ba taurin kai ba ne, yaron neman inda zai sa hidimarsa yake.

"Penaia, motar nan don wa aka aiko ta?"

"Don uwata."

"Uwa ɗaya gare ka a garin nan? Je ka ɗauko Fialelei. Ka sa mata kujera a baya, ka ɗaure da igiya. Ba mu da mai ba da waƙa."

"Ba za ta yarda ba. Ko coci ba ta zuwa."

"Ka ce mata matar Talosaga ce za ta ba da waƙar in ba ta zo ba."

"Ni me na yi kuma?" in ji matar Talosaga.

Ba a daɗe ba suka ji motar na dawowa, da wata murya a samanta tana faɗa tun daga nesa. Fialelei ce zaune a kujera ɗaure da igiya, cikin koren ankonta da ya sha ninki a akwati, gwangwanin biskit a cinya, sanduna biyu a hannu.

"Wa ya ce a ba waccan waƙa? Muryarta kamar an taka agwagwa! Ku jeru! Kai Penaia, in ka wuce su sai na fasa maka gwangwanin nan a ka. A hankali, kamar kana bin gawa!"

Ta buga gwangwani, ta ɗaga murya, mata suka amsa, aka tafi.

Haka Fogasina take tashi yanzu. Kafin rana ta yi ƙarfi za ka ji gwangwani, sannan waƙa, sannan ka ga koren layi na tafe a gefen titi, farar mota na rarrafe a baya da jarkokin ruwa. Dattawan da suka yi wa Penaia dariya sun koma cewa ba a taɓa ganin ɗa irinsa ba, wanda ke tuƙa yayar uwarsa da saurin kunkuru kowace safiya bai taɓa tsaki ba. Auckland sun ga bidiyo sun aiko da kwalin kambas. Wasu mazan sun fara bin layin daga nesa, wai shingen aladu suke dubawa. Talosaga in ya iso sai ya rage kiɗa ya leƙo.

"Tina, in tsaya?"

Mata duka su amsa baki ɗaya: "Wuce!"

Da Siniva ta dawo zagayowar wani wata, ta soki yatsan Toreka ta dubi na'ura, ta sake dubawa, ta yi 'yar ƙara ta rungume ta.

"Sugan ya sauka, Tina! Ya sauka sosai!"

"Ƙafar fa?"

Siniva ta juya tafin, ta duba tsakanin yatsu, ba rauni ba tabo. "Yatsun da suka yi barci ba lalle su farka ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in kika riƙe maganin da tafiyar nan haka, ƙafarki taki ce."

Toreka ba ta tsaya ɗaure igiyar kambas da kyau ba ta fito. Mata na jiranta a titi, motar na gefe tana huci. Ta ɗaga hannu biyu sama, ta karkace, ta taka rawar rufe biki nan a kan kwalta, mata suka zagaye ta suna guɗa.

Gwangwani ya yi ƙara daga bayan mota.

"To, ya isa, an gani!" in ji Fialelei, tana share ido da gefen zane. "Ke mai ƙafa biyu, rawa muka zo ko tafiya? Ku wuce mu je, gada na can tana jira!"